Muhawara: Wai farin ciki yana ɗorewa ga wanda ya iya zaman shiru da haƙuri?

Baban Yara: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, na kuma san za a yi mini ca, amma sai na faɗa. Yau shekara 3 ke nan ba na fashin zaman shiru na minti 20 kowace safiya, kafin kowa ya motsa a gida. Ba karatu, ba waya. Zama kawai nake yi, hankalina na kan numfashina, shigarsa da fitarsa. In tunani ya sace ni na farga, sai in dawo da hankalin a hankali, ba tare da na yi wa kaina faɗa ba. Da wannan, da daina kokawa da abin da ya riga ya faru, na samu abin da na yi shekara da shekaru ina nema a kuɗi da matsayi ban samu ba. Matsayata ita ce: farin ciki mai ɗorewa yana nan, kuma ƙofarsa biyu ce, horar da zuciya ta zauna wuri ɗaya, da yarda da abin da ya same ka. Sauran duk ƙari ne. Mai ja, bismillah.

Ɗan Auta: Wa alaikumus salam Baba. Ni ne mai ja na farko. Shekarata 2 da gama karatu ba aiki. In zaman shiru ne ai ba wanda ya kai ni, tun safe har dare nake yinsa. Har yau ban ga farin cikin ba, ko ta wace ƙofa yake shigowa?

Baban Yara: Auta, jikinka ne a zaune. Zuciyarka tana ofisoshin da ba su kira ka ba, tana gidan abokinka da ya sayi mota. Wannan ba zaman shiru ba ne, yawo ne a zaune. Shi ya sa ma ba na son fassarar nan da ake yi wa abin, wai "zuzzurfan tunani". Mai zuzzurfan tunani ai shi ne mara lafiyar. Abin da nake faɗa koyon sakin tunani ne.

Dokta: A wannan gaɓar dai Baban Yara yana da shaida. A 2010 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Harvard, Killingsworth da Gilbert, sun bi mutum 2,250 ta wata manhajar waya. A kowane lokaci wayar kan iya ƙara ta tambayi mutum me yake yi, ina hankalinsa yake, ya yake ji. Sun tarar kusan kashi 47 cikin 100 na lokutan, hankalin mutane ba ya kan abin da hannunsu ke yi, kuma a lokutan da ya tafi yawo sun fi zama cikin rashin walwala. Akwai ma wani na ban dariya a 2014 a Jami'ar Virginia: aka bar mutane su kaɗai a ɗaki na minti 15, ba komai sai wani maɓalli da in ka danna lantarki zai ja ka. Maza 12 cikin 18 sun gwammace su danna da su zauna da tunaninsu.

Amma Baba, inda zan rabu da kai shi ne kalmar "ɗorewa". A nan ka yi tsalle ka wuce hujjarka.

Ɗan Auta: Dokta wallahi da ni ne sai na danna sau uku.

Yaya Babba: Ni kafin a yi nisa, tambaya gare ni. Wannan zama da ƙirga numfashi ba ibadar mabiya Buddha ba ce? Kada a shigo mana da wani abu ta bayan gida.

Dokta: Asalinsa daga can yake, Yaya, ba a ɓoye wannan. Salon da ya bazu a asibitoci kuwa wani masani ne, Jon Kabat-Zinn, ya tsara shi a 1979 a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Massachusetts a Amurka. Ya cire masa aƙida da tsafe-tsafe, ya mai da shi horo na mako 8 ga masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ɓangaren hukunci kuma ba fagena ba ne, ga Malam nan.

Malam: Ba fatawa zan bayar a nan ba, sai dai in ce a rarrabe. Lura da numfashi don hankali ya tattaru, in ba wata kalma ta bauta ko wata aƙida a ciki, ya fi kama da motsa jiki. Amma kada a ɗauka mu baƙi ne a wannan fage. Muna da tafakkuri, muna da zikiri, muna da muraƙaba, wato kiyaye cewa Allah na ganinka, kuma Alƙur'ani a Suratur Ra'ad aya ta 28 ya ce da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Bambancin shi ne namu yana da wanda ake fuskanta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a maganar Baban Yara shi ne ƙofa ta biyu, wato yarda. A nan ne mutane ke tafka kuskure, zan dawo kanta.

Anti Nas: Ku yi haƙuri, ni raina ne zai ɓaci. A wurin da nake aiki an rage mana ma'aikata, aikin mutum uku ya koma kan mutum ɗaya. Muka yi kuka, muka rubuta takarda. Kun san abin da aka kawo mana? Wata baiwar Allah da murya mai sanyi, ta tara mu a ɗakin taro bayan mun kwana a tsaye, ta ce mu rufe ido mu karɓi gajiyarmu da hannu biyu. Ta gefena barci ya kwashe ta har da minshari. Daga ranar duk wanda ya ce mini "yarda" sai in duba in ga wa zai ci riba in na yarda. Yawanci wanda ya taka ka ne ke son ka koyi numfashi.

Baban Yara: Anti, an zalunce ku, ba musu. Amma don wani ya yi sata da tsani ba za a ce tsani haramun ne ba. Akwai wani masanin falsafa a zamanin Rumawa, Epictetus, wanda a bauta ya tashi. Koyarwarsa duka a kan abu ɗaya take: ka raba abin da ke hannunka da wanda ba ya hannunka. In bawa ya samu natsuwa da wannan, mu fa?

Anti Nas: To ai 'yanta shi aka yi daga baya, Baba, ba natsuwar ce ta kwance masa igiya ba. Kuma matsalar rabon nan ita ce, wa ke yanke cewa abu ba ya hannunka? Yawan ma'aikata ba ya hannuna ni kaɗai, amma yana hannunmu in mun haɗa kai. In kowa ya koma lungu yana lura da numfashinsa, wa zai sa hannu a takardar koke?

Malam: Anti ta taɓo wurin. Wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙuminsa ne ko ya sake shi ya yi tawakkali. Ya ce masa ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Yarda da ƙaddara tana kan abin da ya riga ya auku, ya fita daga hannu. Zaluncin da ake kan yi yanzu kuwa ba a ce ka rungume shi ba. Wanda ya ce wa wanda ake zalunta "yi haƙuri" alhali yana da ikon cewa azzalumi "bari", ya sa kalmar a inda ba gidanta ba.

Baban Yara: Na karɓa. Amma bari in kawo tawa hujjar, don kar a ce Dokta kaɗai ya yi karatu. Ba an yi bincike a Amurka a 1978 ba, aka tarar waɗanda suka ci maƙudan kuɗi a caca ba su fi sauran mutane farin ciki ba, waɗanda hatsari ya shanye wa jiki kuma ba su fi kowa baƙin ciki ba? Wannan ai ya nuna abin da ke waje ba shi ne ba. Komai daɗi ko wuya, zuciya na komawa mazauninta. To gyara mazaunin shi ne aiki.

Dokta: Binciken Brickman da abokan aikinsa kake nufi, kuma yana cikin waɗanda aka fi yi wa ƙarin gishiri. Masu cin cacar 22 ne kacal, masu shanyewar jiki 29. Rabin maganarka daidai ne: masu kuɗin ba su yi wa sauran mutane wata tazara ba, har ma sun rage jin daɗin ƙananan abubuwan yau da kullum. Amma masu shanyewar jikin sun auna farin cikinsu ƙasa da na sauran a fili. Abin mamakin kawai shi ne bai yi ƙasa kamar yadda aka zata ba.

Daga baya Richard Lucas da abokan aikinsa suka duba bayanan dubban mutane a Jamus da aka yi shekaru ana bibiya. A 2004 suka nuna cewa wanda ya rasa aiki, a matsakaicin lissafi, gamsuwarsa da rayuwa ba ta komawa inda take a da, ko bayan ya samu wani aikin. Tabon yana nan. Don haka Auta ba raki yake yi ba. Abin da yake buƙata na farko aiki ne.

Ɗan Auta: Allah Ya saka da alheri Dokta. Yau dai an wanke ni.

Dokta: Kada ka yi saurin murna, sauran maganar ba taka ba ce. A 2014 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwaje 47 da suka shafi mutum 3,515. Sun samu hujja matsakaiciya cewa irin wannan horo yana rage fargaba, da ciwon damuwa, da raɗaɗin ciwo. A 2015 kuma mujallar likitanci ta The Lancet ta buga wani gwaji na Ingila kan mutum 424 masu ciwon damuwa mai tafiya yana dawowa. Cikin shekara 2, ciwon ya dawo wa kashi 44 cikin 100 na waɗanda aka yi wa horon, da kashi 47 na waɗanda suka ci gaba da shan magani. Kusan kunnen doki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kodayake ba izini ba ne ga kowa ya ajiye maganinsa ba da sanin likitansa ba.

Sai dai shi wancan nazari na 2014, da aka zo kan tambayar ko horon yana ƙara walwala da jin daɗi, hujjar ba ta kai ba. Kuma ba su ga ya fi magani ko motsa jiki ba. A Birtaniya an gwada shi kan ɗalibai sama da 8,000 a makarantu, sakamakon ya fito a 2022, bai fi darasin da aka saba yi musu ba. Yawancin yaran ma ba su yi a gida ba. Abin da nake gani shi ne, yana rage nauyin kaya ga wanda ya so shi da kansa. Rage nauyi daban, farin ciki mai ɗorewa daban.

Maman Biyu: Tun ɗazu nake karantawa ina rubutawa ina gogewa. Bari dai in faɗa.

Maigidana ya rasu shekara 4 da suka wuce, bayan jinya ta wata 5. A watannin farko na ji kalmar "haƙuri" har ta daina yi mini ma'ana, ta koma kamar ƙarar fanka. Wata ƙawata mai ƙaunata ta ce in gwada irin zaman da Baban Yara ke faɗa. Na gwada. Ina rufe ido sai ɗakin asibitin ya dawo, da ƙarar na'urar, da yadda numfashinsa ke yankewa. Ku duba fa, an ce in lura da numfashi, ni kuwa numfashi ne abin da na yi wata 5 ina saurare da tsoro. Ƙirjina ya riƙa bugawa, hannuna na rawa. Sau huɗu na yi na bari, sai kuma na ƙara da zargin kaina, wai ko haƙurin ma na kasa.

Takalminsa yana bakin ƙofa wata 14. Ina shara in zagaye shi. Ba wanda ya isa ya taɓa. Wata safiya ɗaya daga cikin 'yan biyun, an aike shi yana sauri bai ga nasa ba, sai ya zura ƙafa a na babansa. Ya yi masa yawa, yana tafiya yana jan shi. Na buɗe baki zan daka masa tsawa, sai na ji ba na son yi. Na tsaya ina kallonsa har ya fita. Na zauna na yi kukan da ban yi ba tun ranar rasuwar.

In akwai abin da ake kira yarda, a wurina ranar ce ta zo. Ba ni na kirawo ta ba, kuma ba farin ciki ta zo da shi ba. Har gobe ina kewarsa. Abin da ya canza shi ne na daina faɗa da kewar.

Anti Nas: Allah Ya ji ƙansa, Ya raya muku yaran. Maman Biyu kin sa ni hawaye.

Baban Yara: Allah Ya gafarta masa. Hajiya, ki yafe ni in maganata ta yi kama da ina cewa wanda bai samu sauƙi ba laifinsa ne. Ban taɓa kawo wa raina cewa numfashin kansa zai iya zama wa wani wuƙa ba.

Dokta: Amin. Hajiya, ba gazawarki ba ce ko kaɗan, abu ne sananne. Willoughby Britton ta Jami'ar Brown ta yi shekaru tana tattara bayanan waɗanda irin wannan zama ya tayar musu da fargaba, ko ya dawo musu da abin firgicin da suka gani, ko ya hana su barci. Wanda ke ɗauke da sabon rauni a zuciya bai kamata a ce ya rufe ido shi kaɗai ba tare da mai lura da shi ba. Maganarki ta ƙarshe kuma tana da tushe. A 1987 Daniel Wegner ya ce wa ɗalibai kada su yi tunanin farin beyar, wata dabbar daji, na minti 5, duk sanda ya faɗo musu a rai su kaɗa ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Da aka sake su kuma, tunanin ya fi addabarsu fiye da waɗanda ba a taɓa hanawa ba. Abin da ka tsaya gadin ƙofa don kar ya shigo, kai da kanka kake ta ambaton sunansa.

Malam: Allah Ya sa Aljanna ce makomarsa. Ga inda na ce zan dawo. Mutane sun ɗauka haƙuri shi ne bushewar ido. Annabi Yaƙub ya ce haƙuri mai kyau, amma Suratu Yusuf ta gaya mana idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ɗansa Ibrahim ke barin duniya ya zubar da hawaye, ya ce ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. To in mafi natsuwar halitta ya yi baƙin ciki, wa zai yi mana alkawarin farin cikin da ba ya yankewa a wannan gida? Malamai da yawa ma sun rarrabe: haƙuri wajibi ne, amma yarda, wato zuciya ta kwanta da abin, daraja ce ta sama da ake so, ba a ɗora wa kowa ita dole ba. Baban Yara, ina ganin abin da ka samu gaskiya ne, suna ne ka ba shi wanda ya fi shi girma.

Baban Yara: Malam, to me zan kira shi? Ni dai na san yadda nake a da, na san yadda nake yanzu.

Uwar Gida: Assalamu alaikum. Tunda an zo nan, ni ce zan ba da shaida, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baban Yara, ka yi haƙuri zan tona. Jama'a, har yanzu yana faɗa. Shekaranjiya ma da aka ɓatar masa da makulli sai da gidan ya ɗauka. Abin da ya canza shi ne, a da in ransa ya ɓaci kwana uku ake yi ana tafiya da sanɗa, yara na leƙen fuskarsa kafin su yi dariya. Yanzu kafin rana ta take ya sauko, har ya kira yaron ya ce "na yi maka tsawa fiye da laifinka". Shekara 19 muna tare, sai a 'yan shekarun nan na fara jin wannan kalma a bakinsa. Farin ciki mai ɗorewa dai ban gan shi ba. Fushi mai gajeren zango na gani, kuma ni ya ishe ni.

Ɗan Auta: Kai! An kama Baba a hannu. Mama Allah Ya ƙara girma.

Baban Yara: Wa ya saka ta a zauren nan ne? To, ban musa ba. Amma ku lura, ita ma ta ce shekaru ke nan abin bai koma ba. Wannan ba ɗorewa ba ce?

Dokta: Ɗorewar hali ce, ba ta yanayi ba. Kuma ka lura da inda ribar ta faɗa: tsakaninka da iyalinka. Harvard na da wani bincike da aka fara tun 1938 da maza 724, ana bin su har tsufa, yanzu har 'ya'yansu. Abin da ya fi fitowa fili a ciki shi ne kyawun dangantaka da mutane yana cikin manyan abubuwan da ke hasashen lafiya da jin daɗi a tsufa. Wa ya sani ko minti 20 ɗin naka ba su ne ke faranta maka kai tsaye ba, gidan da suka gyara maka ne?

Baban Yara: Ko ma ta ina ya biyo, ta tabarmar nan ya fara. Kalmar "ɗorewa" ban janye ta ba tukuna, na dai ajiye ta a gefe. Amma "sauran duk ƙari ne" da na faɗa, wannan na janye, saboda Auta da Anti.

Yaya Babba: Ni har yanzu ban gamsu da asalin abin ba. Wanda ke da zikiri me zai kai shi ƙirga numfashi?

Malam: Yaya, wannan muhawara ce ta wata rana, kuma ba gajeriya ba ce.

Ɗan Auta: Ina sanar da jama'a cewa yanzu na gwada. Numfashi huɗu na ƙirga, na biyar na tsinci kaina ina tsara amsar da zan bayar in an kira ni ganawar neman aiki. Baba, haka ake farawa ko ni ne ba ni da rabo?

Baban Yara: Haka ake farawa. Fargar da ka yi ita ce aikin. Ni na yi wata biyu ban wuce shida ba.

Anti Nas: Ni dai na tafi, aikin dare gare ni. In Allah Ya sa na samu minti 10 ba wanda ya kira ni, barci zan yi, ba numfashi zan ƙirga ba. Takardar kokenmu kuma jibi za mu sake kai ta.